Shekarar da aka sa Dogo cikin lanho

Ƙarshen damina ne, lokacin da ruwan sama ya ɗauke amma ƙasa ba ta gama shanye shi ba. Shekarar nan ƙoramar Telwa ta zo da ƙarfi, ta yi kwanaki tana gudu, har mata suka riƙa fita da yara kallonta kamar ana biki. Ciyawa ta fito a wuraren da ban taɓa ganin kore ba tun zuwanmu Agadas. Nono ya yi araha, awaki suka cika ciki, da la'asar iska mai sanyi tana saukowa daga duwatsu. Baƙon da ya shigo garin a watan nan zai ce babu mai damuwa a cikinsa. Amma shekarun farko ne na mulkin kai. Nasara sun tafi, lanho, wato harajin kai, bai bi su ba, sai ma ƙara nauyi da ya yi. Da damina ta juya baya, kowane mai gida sai ya fara duban mutanen gidansa da wani irin ido, yana tunanin kai nawa za a rubuta masa bana.

Na ji kuna ba ƴaƴanku labarin shekarar nan iri biyu. Wasunku na cewa babanku ya so ya hana Yayanku karatu. Wasunku na cewa ni na shiga biro, wato ofishin gwamnati, na yi wa kwamanda mai mulkin gari tsawa har ya miƙe tsaye. Duka biyun ba haka aka yi ba. Kwamanda ko inuwarsa ban gani ba, tsawa kuwa kun san ni, ko akuya na kora sai an tambaye ni me na ce. Tun da Allah ya sa na zauna ajin yaƙi da jahilci da furfurata har hannuna ya iya riƙe alƙalami, gara in ajiye muku abin yadda ya faru, don kada a ɗora wa wanda ke cikin ƙasa abin da bai yi ba.

Sai na fara da sunan Yayanku, don a nan abin yake. A Madawa na haife shi, a gidan iyayena, kafin mu hauro Agadas. Kakanku na wajen uba ya rasu ina da cikinsa, saboda haka ranar suna aka mayar masa da sunan marigayin. Daga ranar nan bakuna uku suka rufe a gidanmu. Ni ba na faɗa, don ɗan fari ne, kuma sunan surukina ne. Kaka, wato uwar babanku, wadda ni nake ce wa Inna, ba ta faɗa, don sunan mijinta ne. Babanku ba ya faɗa, don sunan ubansa ne kuma ɗansa na farko. Yaro kuwa dole a kira shi da wani abu. Tun yana rarrafe ƙafafunsa suke kamar kara, sai wata ƙanwata ta ce masa Dogo, shi ke nan ya bi shi. Yana goye muka zo Agadas. A garin nan babu wanda ya ci goron sunansa, kowa Dogo ya sani. Ranar da aka ɗauke shi lakwal, wato makarantar boko, ma, babanku bai buɗe baki ba. A gida ya rubuta sunan da ajami a ƴar takarda, ya miƙa wa mushe, wato malamin lakwal, ya juyo. Ta haka yaro ɗaya ya tashi da suna biyu, na lakwal wanda ba ya shigowa gida, da na gida wanda ba ya zuwa lakwal. Shekara da shekaru babu wanda abin ya dama.

Da ya gama lakwal ta nan, ya ci jarrabawa aka tura shi Damagaram. Sai lokacin bakans, wato hutun lakwal, yake dawowa, a bayan kamyo, babbar motar kaya, fuska duk ƙasa. A shekarar da nake ba ku labari ya sauko ya fi babanku tsawo, muryarsa ta buɗe, har Kaka ta ce ba ta yarda a shigo mata da ƙato cikin gida ba sai an gaya mata ɗan wane ne. Ruwa ya yanke hanyar Dabaga a wurare da yawa, ana neman masu ƙarfi su cike ramuka. Dogo bai iya zaman banza ba, ya je aka ɗauke shi. Kullum da sassafe ya fita, da yamma ya dawo da laka har gwiwa. A irin wannan dawowar ce ya tarar da mai unguwa zaune a zaurenmu tare da babanku, ana lissafin kawunan gida don lanho. Ina bayan ƙyaure ina jin su.

Mai unguwa ya ce, "Malam, wannan naka ne?"

Babanku ya ce, "Na gidan nan ne."

"Ya sunansa?"

"Dogo."

"Ma sha Allah. Har ya kama aiki ke nan?"

"Ga shi kana gani."

Iyakar maganar ke nan. Mai unguwa bai tambaya ko ɗan lakwal ne ba, babanku kuma ba zai zauna gaban mutane yana ba da labarin ɗan farinsa ba, wai yana karatu a Damagaram, wai ya ci jarrabawa. A wurinmu wannan rashin ta ido ne. Aka rubuta Dogo cikin maza masu biya. Ranar da aka raba kuɗin aikin hanya, shugaban aiki ya zare lanho daga nasa tun kafin ya shiga hannunsa, kamar yadda ya yi wa kowa.

Ya shigo gida ranar nan bai ko wanke ƙafa ba. Ya tsaya tsakar gida yana magana shi kaɗai, don ya san ba zai fuskanci babansa da ita ba, ni kuma ba zan amsa masa ba. Ya ce ɗan lakwal ba ya biyan lanho, doka ce, a aji aka gaya musu, ko yana aiki lokacin bakans ba a taɓa masa kuɗi. Kaka tana kan tabarma tana tsinke zare, ta ɗago kai.

Ta ce, "Kai, mai gidana, yau an san kai namiji ne, kuka za ka yi? Da ana rubuta ka cikin yara, kana cin tuwon manya."

Ya ce, "Tsohuwa, ba ki gane ba."

"Na gane sarai. Gwamnati ta ga gemu na tahowa. Ni ma na gani, jira nake ka kawo kayan aure."

Da safe ya ɗauki takardarsa ta lakwal ya tafi biron lanho. Kafin azahar ya dawo a sanyaye. Komi, wato mai rubutun biro, ya duba takardar ya ce gaskiya ne, mai wannan suna ɗan lakwal ne, ba ya biya. Amma shi wanda ke cikin littafinsa Dogo ne, mai aikin hanya. Wa ya ce mutum ɗaya ne? Ya ce ba a yi wata ba wani ƙato ya zo masa da takardar ƙanensa. In ana so a cire shi, sai uba ko uwa sun zo da kansu sun shaida da bakinsu. Mai unguwa ba zai yi ba, don Dogo kaɗai ya sani. Mushen da ya karantar da shi a nan kuwa an daɗe da mayar da shi wani gari.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne kuke yi wa babanku kuskure. Tun yana saurayi a Madawa, zamanin Nasara, wata shekara fari ya ci gero, gidansu suka kasa cika lanho. Kakanku ba shi da lafiya, sai aka kama babanku a madadinsa. Aka zaunar da shi a rana ƙofar biro tun hantsi har la'asar, mutanen kasuwa na wucewa suna kallonsa. Bai taɓa ba ku labarin ba, ni ma sau ɗaya ya ba ni. Tun daga ranar nan abu biyu ya ɗaukar wa kansa: ba za a sake bin gidansa lanho ba ko da zai sayar da rigarsa, kuma ƙafarsa ba za ta sake taka ƙofar biro ba. Lanhonsa ma hannun mai unguwa yake bayarwa. To, a kwanakin nan yana ɗaure kaya, shayi da sukari da turkuɗi, zai tafi Ingal inda makiyaya ke taruwa ƙarshen damina. Cinikin nan ne ke riƙe mu rabin shekara. Na kai masa ruwa yana ɗaurin buhu, na tsaya. Ya san abin da ya tsayar da ni.

Ya ce, "Kan da aka rubuta, kowace shekara sai an biya masa. Nawa da naki da ƙyar nake haɗawa. In aka ƙara mini na wanda ke zaune a Damagaram ba ya kawo komai, bana in iya, baɗi fa? In sake zama a rana da furfura?"

Na ce, "Sun ce in an je an shaida, za su cire."

"Sun ce." Ya ja igiya ya ɗaure. "In sun cire shi, ya tafi karatunsa, ban hana ba. In ba su cire ba, ya zauna ya yi aikin da zai biya wa kansa. Ni dai ba ni zuwa. Ke kuma na san ba ki iyawa."

Ba da gatse ya faɗa ba. Gaskiya ya faɗa yadda ya san ni. Da asuba ya bi kamyon Ingal.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi shiru. Dogo ya ci gaba da fita aikin hanya. Da can in ya dawo ya yi wanka, sai ya zauna bakin zaure da littafi har haske ya ƙare, yana karanta faransanci da ƙarfi, Kaka tana kwaikwayonsa tana cewa yana yi wa aljanu magana. Yanzu ya daina. Wata la'asar ina tankaɗe na gan shi ya tattara littattafansa ya zuba a buhu, ya ɗaure bakin, ya hau turmi ya rataye a azara, can inda muke rataye abin da ba a nema sai wata shekara. Ya sauko ya fita. Kamyon da ke kwasar ƴan lakwal zuwa Damagaram saura ƴan kwanaki ya tashi, abokansa har sun fara zuwa suna tambayar ko ya shirya. Sai ya fita ya same su a waje don kada mu ji abin da zai gaya musu. Ni kuwa in na ɗaga kai sai in ga buhun nan. Ban san abin da ke cikin littattafan ba, ko harafi ɗaya ban sani ba a lokacin. Na dai san yadda fuskarsa take in yana karanta su, na kuma ga yadda ta koma.

Na je wurin Kaka bayan ta idar da sallar walaha. Na durƙusa na gaya mata abin da ke raina. Ta daɗe tana jan carbi.

Ta ce, "Ɗiyata, ki je ki faɗi sunan wa?"

Na sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Mutumin nan na zauna da shi tun ban san ɗaurin zane ba har aka fitar da shi a makara, bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Ke za ki ɗauka ki kai biro, ki baje shi gaban gardi da ƴan kasuwa? Don me? Don yaro ya koma inda ba mai ba shi fura?"

Na ce, "Inna, karatunsa ne."

"Wanda ya yi ya isa. Ya iya rubuta wasiƙa, ya iya lissafi. Ya zauna in gan shi. Ni kwana nawa ya rage mini?"

A nan na gane ba sunan kaɗai take karewa ba. Kada ku ga laifinta. A duniyar nan babu wanda take so kamar Dogo, shi kaɗai ke sa ta dariya har ta yi tari.

Maƙwabciyarmu Lalla, ƴar asalin garin nan ce, mai ɗinkin fata, bakinta ba ya zama wuri ɗaya. Ta kan katanga ta ji labari, ta kan katanga kuma ta kira ni.

Ta ce, "Ke ɗiyar Madawa, wai da gaske suna ne ya tsaya muku a maƙogwaro? Ƙaya ce? Gaya mini a kunne in je in faɗa musu."

Na ce uwa suke so.

"To ke mece ce, maƙwabciya? Kin yi naƙudarsa, kin yi wankan jegonsa, suna ne zai kashe ki? Gobe ki sa mayafi, ni zan raka ki. In kin suma in ɗauko ki."

Da yamma Dogo ya dawo yana wanke ƙafa bakin randa. Ni ba na yi masa magana kai tsaye, kun sani. Na juya wajen murhu, na ce wa tukunya, "A gaya wa mai takarda gobe kada ya fita aiki, ya ɗauko takardarsa." Ruwan da yake zubawa ya tsaya. Ban waiwaya ba.

Biron lanho ɗaki ne guda mai ƙofa a buɗe, da baranda inda mutane ke jira. Ban taɓa zuwa ba. Na yi zaton za a shigar da ni wani lungu in yi magana da mutum ɗaya. Ashe teburin komi dab da ƙofa yake, duk wanda ke baranda yana jin abin da ake faɗa. Ranar kuwa cike take da maza, har da masu rumfa kusa da ta babanku a kasuwa, waɗanda suka sunkuyar da kai da suka gane ni. Gardin ƙofa ya ce mata su fara shiga. Komin yaro ne, bai fi Dogo da yawa ba, mutumin yamma, hausarsa da ɗan karkacewa. Idanunsa ja don gajiya. Ya ba ni kujera, na ce ƙasa ta ishe ni. Ya karɓi takardar lakwal daga hannun Dogo, ya shimfiɗa a tebur, ya ɗora tafin hannunsa a kan sunan.

Ya ce, "Inna, wannan ɗanki ne?"

Na ce, "Na gidanmu ne."

"Ke kika haife shi?"

Lalla ta ce, "A'a, a kasuwa ta saye shi. Dubi hancinsu mana."

Aka yi dariya a baranda. Komi ma ya murmusa, ya ce, "To, Inna, gaya mini sunansa na yanka."

Na ce ya karanta abin da ke takardar, in shi ne zan ce e.

Ya ce, "In na karanta miki, kowa ma zai iya cewa e. Ba don in wahalar da ke ba ne. A garinmu ma uwata ba ta faɗin nawa. Amma aikin ke nan."

Sai na bi hanyar da mata ke bi. Na ce sunan farko na Ma'aiki ne, na biyun kuma irin wanda ake ba wanda ya fara zuwa.

Ya ce, "Inna, rabin mazan da ke barandar nan sunan Ma'aiki gare su. In na rubuta haka, gobe ni za a kora."

Ina jin ƙuda yana bugun taga. Sunan nan sau ɗaya na ji an ɗaga murya da shi a kusa da ni, ranar suna, ina cikin ɗaki, maroƙi yana shela a ƙofar gida. Tun daga nan ko a zuciyata in na zo kansa sai in tsallake. Na duba ƙasa, na ga ƙafafun Dogo a gefena, duk sun tsage saboda laka da duwatsun hanya. Na buɗe baki na faɗa. Ni kaina ban ji ba.

Komi ya karkato. "Ban ji ba, Inna."

Lalla ta ce, "Ni na ji!"

"Kunnena nake so ya ji, ba naki ba."

Na ja numfashi na ɗaga kai. Yau ga shi zan rubuta muku, hannu ba shi da nauyin baki. Na ce, "Mahaman Lawali."

"Na'am."

Dogo ne ya amsa. Bai yi niyya ba. Shekaru ana kiransa da sunan a aji yana amsawa, bakinsa ya riga hankalinsa. Da ya gane wadda ta kira, sai ya juya fuska wajen bango, kafaɗunsa na rawa. Ban sani ba ko dariya ce ko kuka, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Wani tsoho a baranda ya ce, "Allah ya kyauta, zamani." Komi ya ɗauke hannunsa daga takardar, ya duba, ya ce shaida ta zama biyu. Ya ja layi a littafinsa, ya yi rubutu a gefe, ya kama babban yatsana ya tsoma a tawada ya danna.

Ni na riga na miƙe, so nake kawai in ga kaina a waje. Lalla ce ta tuna da kuɗin. Ta ce, to, wanda aka zare wa yaro fa, ko ya bi ruwan Telwa? Komi ya ce abin da ya shiga akwatin gwamnati ba ya fitowa ta hannu, amma zai ba mu takardar shaida, baɗi a rage shi daga lanhon mai gida. Lalla ta ce ba ta taɓa ganin akwati mai baki ɗaya ba sai na gwamnati. Ya rubuta ya ba mu. Baɗin kuwa an rage, ban ce ba a yi jayayya da mai unguwa ba, amma an rage.

Muka kamo hanyar gida ni da Lalla. Dogo yana bayanmu da nisa. Labari ya riga mu isa gida, ban san ta bakin wa ba. Na tarar Kaka ta janye tabarmarta daga tsakar gida ta shigar ɗaki. Na yi sallama bakin ƙofarta, ta amsa sallamar don ta Allah ce, ba ta ƙara komai ba. Dogo ya hau turmi ya sauko da buhunsa.

Abin bai tafi a banza ba, gara ku sani. Kaka ba ta sake ce mini ɗiyata ba har ta koma ga Allah. Ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata ba, na ci gaba da dama mata fura tana sha. Amma na koma "ke", wani lokaci "matar gidan nan". Matan unguwarmu ƴan kudu suka daɗe suna yi da ni, in na iso rijiya sai wata ta ce a matsa wa mai zuwa biro. Babanku da ya dawo daga Ingal ya yi kwanaki bai ta da maganar ba. Ran nan ina ba shi abinci ya ce, "Sun karɓa?" Na ce sun karɓa. Ya ce, "A gaban mutane?" Na ce a gaban mutane. Ya daɗe yana duban akushi, sannan ya ce, "Kin fi ni." Bai sake cewa komai a kai ba har ƙarshen ransa. Kuma abin da Kaka ta ji tsoro shi ya faru. Daga Damagaram Yayanku ya wuce Yamai, daga nan aiki ya riƙa yawo da shi, bai sake zama da mu ba sai dai ziyara. Kaka ta rasu yana can, wasiƙa ce ta kai masa labari bayan an yi sadakar bakwai. Ta yi ta duban ƙofa a kwanakinta na ƙarshe, ni ce a gefenta, na san wanda take jira, ita ma ta san wadda ta buɗe masa hanya. In kun tambaye ni ko da zan sake, zan ce muku e. Amma ba zan ce muku kyauta na samu ba.

Wannan duk daga baya ne. Washegarin ranar biro na tashi da asuba kamar kullum, tawadar nan tana yatsana, na goge da toka ba ta fita ba. Na durƙusa ƙofar Kaka na gaishe ta, na jira, ba ta amsa ba. Na hura wuta, na jiƙa geron da zan yi wa mai tafiya guzuri. Sannan na sa mayafi na fita ni kaɗai, ban kira Lalla ba. Ban so babanku ya ji labarin a bakin ƴan kasuwa, an ƙara masa gishiri. Na tafi tasha, na nemi kamyon da ke tashi zuwa Ingal. Direban ya san babanku, yana tsaye yana duba igiyoyin kaya. Na gaishe shi na ce saƙo gare ni.

Na ce, "Ka gaya wa mai gidanmu an cire. Ka ce ni na je, da bakina na faɗa, ba wanda ya sa ni. Ka ce yaron zai bi motar Damagaram."

Ya maimaita don kada ya manta, sannan ya ce, "Wane yaro zan ce masa, Inna? Ya sunansa?"

Na gyara mayafina. Na ce, "Ka ce masa yaron. Ya san shi."